KUNKURUN TEKU DA KUNKURUN GIDANMU

Kwanakin baya muna duba wani aji na ɗalibai masu koyon aikin malanta, galibinsu 'yan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ne, sai darasi ya biyo ta kan dabbobin daji. Muka ce duk wanda ya taɓa ganin kunkuru ya ɗaga hannu. Kusan kowa ya ɗaga. Muka sake cewa, to, wanda ya gan shi a daji yana kiwonsa, ba a gidan wani attajiri ko gaban shimfiɗar mai magani a kasuwa ba, shi ya bar hannunsa a sama. Hannuwa suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, har ba saura. Wani dattijo mai share mana ofis yana tsaye bakin taga yana jinmu, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muna yara in mun kora awaki daji har hawansa muke yi, mu ga wanda nasa zai riga." Ɗalibai suka yi dariya, suna tsammani tatsuniya ce yake yi musu.

Wannan dariya ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Abin da kaka ya hau da ƙafarsa, jika yana jinsa kamar labarin Gizo da Ƙoƙi, alhali kuwa ba wanda zai iya faɗa maka shekarar da abin ya ɓace. Domin mu gane yadda haka ke faruwa sai mun bar tudu tukuna mun gangara bakin teku, inda masana suka daɗe suna ƙidaya, suna rubutawa.

Kunkurun teku iri 7 ne a duniya, 5 daga cikinsu kuwa ana samunsu a ruwan da ke gaɓar Afirka ta Yamma, har wasu sukan fito su yi ƙwai a rairayin bakin tekun Ikko da na Akasa a Jihar Bayelsa. A bisa ƙa'ida kififiya ya kamata mu kira su, tun da yake a ruwa suke zaune, ƙafafunsu kuma sun zama kamar filafilin tuƙa jirgi, amma sunan kunkuru ya riga ya bi su. Babbansu shi ne wanda za mu kira mai-bayan-fata, domin shi ba shi da ƙoƙo mai tauri irin na sauran. Bayansa wata fata ce mai kauri baƙa, a ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙasusuwa jere kamar daɓe, da kunyoyi 7 da suka taso daga wuya zuwa wutsiya. Cikin 1988 ruwa ya turo gawar wani a gaɓar ƙasar Wales ta Birtaniya, aka auna shi aka sami kilo 916, watau ya fi buhu 9 na gero, tsawonsa kuwa ya wuce ƙafa 9. Yana nutso ya wuce ƙafa 3,000 ƙarƙashin ruwa, alhali kuwa da huhu yake numfashi kamar ni da kai, dole ya taso ya shaƙi iska. Abin mamaki, duk wannan girma da wata halitta mai yauƙi yake yinsa, wadda ba ta da ƙashi, kusan dukan jikinta ruwa ne, tana yawo a teku kamar farar leda. Wannan kama kuwa ta zame masa masifa a zamanin nan, don kuwa ledar da mutane ke zubarwa in ta kai teku ba ya iya rarrabe ta da abincinsa. Wani bincike da aka buga cikin 2009 ya nuna an sami leda a cikin kimanin kashi 1 cikin 3 na gawawwakin da aka feɗe.

Namiji tun daga ran da ya shiga ruwa yana jariri ba ya sake taka ƙasa. Macen ce ke fitowa, da dare, ta ja jiki da ƙyar bisa yashi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 80, ta rufe, ta koma ruwa, ba ta ƙara waiwayarsu. Takan yi haka sau da dama cikin kaka guda, kwana 10 ko kusan haka tsakani, sa'an nan ta ɓace shekara 2 ko 3. Waɗanda aka liƙa wa na'ura a ƙasar Gabon, inda ake jin nan ne mafi yawansu ke ƙwai a duniya, an bi sawun wasu har suka ƙetare Tekun Atlantika zuwa gaɓar Amurka ta Kudu. Bayan kamar wata 2 'ya'yan su fasa, su tono kansu, su nufi inda sararin sama ya fi haske, watau wajen teku. In akwai fitilun lantarki na gari a bayansu sai su juya su nufi tudu, su mutu. Waɗanda suka tsira daga kaguwa da tsuntsu, kifi na jiransu. Masana suna ƙiyasin cikin 1,000 da ƙyar 1 ke kai girma.

Akwai kuma wani abu da muke so malamai su riƙe, domin yara za su ji daɗinsa. Ba a cikin ƙwai aka yanke ko namiji za a samu ko mace ba, zafin yashi ne ke yankewa. In zafin ya wuce kimanin digiri 29 mata ke yawa, in ya gaza maza ke yawa. Saboda haka ɗumamar duniya ta shafe su ƙwarai. Cikin 2018 aka ba da rahoton cewa a arewacin babban murjanin tekun Ostareliya, cikin matasan wani iri da ake kira koren kunkuru, fiye da 99 cikin 100 mata ne.

To, ga labarin da ya kawo mu. A ƙasar Malesiya akwai wani bakin teku da ake kira Rantau Abang, cikin Jihar Terengganu. Wajen 1956 ana samun ramin ƙwai na mai-bayan-fata kimanin 10,000 a shekara a wannan yanki. Mutanen wurin ba su damu da naman ba, ƙwan suke so, hukuma kuma tana ba da lasin na kwasa, ana kai wa kasuwa. Kowace shekara aka kwashe kusan duka, kowace shekara kuma iyayen suka komo. Duk mai hankali da ya tsaya a wurin a lokacin zai ce ba abin da ya ragu, ga su nan kamar bara. Ashe tsofaffin ne ke ta komowa, ba 'ya'yan da za su gaje su. Cikin 1961 aka fara keɓe wani kaso kaɗan na ƙwai ana ƙyanƙyashewa a killace, amma kason bai isa ba, kuma a lokacin ba a san zancen zafin yashi ba, sai aka yi ta fitar da 'ya'ya da jinsi ɗaya ya rinjaya. Ga tarun masunta na zamani yana cin manyan a teku. Da tsofaffin nan suka fara ƙarewa sai abin ya rushe kamar ginin da gara ta cinye ta ciki. Kafin shekara ta 2000 ramukan da ake ƙirgawa ba su fi a lissafa da yatsu ba, daga baya kuma aka yi shekaru ba ko ɗaya.

Darasin a fili yake. Dabbar da ke daɗewa a duniya, mai jinkirin balaga, tana iya ƙarewa shekara 20 ko 30 kafin ido ya gane ta ƙare. Akwai darasi na biyu wanda ya fito daga lissafin da wasu masana na Amurka suka buga cikin 1987 game da wani irin kunkurun teku. Sun nuna cewa ko an tsare ƙwai duka, in ana kashe manya da matasa, irin zai ci gaba da raguwa, domin uwa guda da ta kai girma daidai take da ɗaruruwan ƙwai. Daga irin wannan lissafi aka ƙarfafa sa wata ƙofa ta ƙarfe cikin tarun jiragen kamun jatan lande, wadda ke barin kunkuru ya fice, abin kamu ya wuce ciki.

Yanzu mu komo gida. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Babban kunkurun nan namu na tudu, mai ƙaya a cinya, ba ƙaramin abu ba ne a idon masana. Shi ne na 3 a girma cikin kunkurun tudu na duniya, waɗanda suka fi shi kuwa duka a tsibirai suke, watau Galafagos da Aldabra. Mazauninsa wannan ɗamarar ƙasa ce ta gefen Sahara, daga Sanagal har Habasha, mu kuwa muna cikinta. Ƙaton namiji yakan wuce kilo 50, yakan kuma yi shekara 70 ko fiye. Mutanen Ogbomosho sun yi ta faɗin cewa nasu na fada, wanda suke kira Alagba, ya shekara 344 kafin ya mutu cikin 2019. Masana dai sun girgiza kai, mu ma ba mu ce mun yarda ba, amma girman da aka ba shi a can ya isa abin lura. Ciyawa yake ci. Da bazara yakan haƙa rami mai zurfi ya shige, ya jira ruwan sama, wasu ƙananan dabbobi kuma su raɓa su sha sanyi a ramin nasa. Macen takan binne ƙwai 15 zuwa 30, su yi watanni a ƙasa, shi ma zafin ƙasa ke yanke jinsin 'ya'yansa. A daji yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya isa haihuwa. Duba ka gani, duk halin da ya kai mai-bayan-fata ga halaka, namu yana da shi.

Cikin 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda ke riƙe da littafin nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Tun shekara ta 2000 kuma aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES wadda Nijeriya ta shiga cikin 1974. Abin da ke cinsa mun san shi, ba sai an zo daga Turai an gaya mana ba. Daji ya zama gona, ciyawar da ta rage dabbobin gida sun fi shi sauri, gobarar daji tana cin ƙanana, wanda ya tsira kuwa duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka.

Wannan ɗauka ita ce namu laifin, mu ma'aikata da masu hali. Mu ne ke saye. Ana ajiye kunkuru a gida don sha'awa, wasu don wani camfi na tsari ko tsawon rai. Mai gida yana ganin ya yi masa gata, ga ganye ga inuwa. Amma kunkurun da ya shekara 30 shi kaɗai a tsakar gida, wajen irinsa daidai yake da wanda aka yanka tun ran da aka kamo shi, tun da ba zai bar baya ba. Mun taɓa samun wani a lambun wata makaranta, an huda gefen ƙoƙonsa an zura waya an ɗaure a gindin mangwaro. Da muka yi magana sai malamin ya ce ai ƙoƙo ne, ba ya ji. Wannan kuskure ne da ya kamata kowane malami ya daina yaɗawa. Ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, da jini da jijiya a ciki. Kunkuru ba ya iya fita daga ƙoƙonsa, kamar yadda mutum ba ya iya tuɓe haƙarƙarinsa ya rataye.

Ta wajen ruwa kuma ga kififiya. Akwai 'yar ƙaramar nan ta tafki da kududdufi, wadda ke binne kanta cikin laka in ruwa ya ƙafe, har yara su ce da ruwan sama take faɗowa. Akwai kuma manyan na gulbi masu taushin baya da dogon hanci, waɗanda ke fitowa su binne ƙwai a tudun yashi na bakin ruwa. Masunta ba su cika sonta ba, tana cinye koto, tana cizo, in kuma ta kamu a mamari ko kalli ta kwana ƙarƙashin ruwa sai ta nutse ta mutu, don ita ma iska take shaƙa. Wata babba daga cikin danginta, wadda a da aka sani a kogunan Nijeriya, ta ɓace wa masana shekaru masu yawa, sai cikin 2017 aka sake gano 'yan kaɗan a Farin Nilu na Sudan ta Kudu. Ba a yi shela ran da ta bar kogunanmu ba.

Gulbin Sakkwato kuwa ba shi ne gulbin da kakanninmu suka sani ba. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar Bakolori cikin 1978, ruwa ya kwanta bisa kimanin eka 20,000, ambaliyar da ke cika fadamu da tafkuna a ƙasa ta ragu. Binciken da William Adams na Jami'ar Kambirij ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna fadamun shinkafa da yawa sun koma na gero da dawa, kamun kifi kuma ya faɗi. Ba mu zo kushe madatsa ba, dubban gidaje na ci daga noman rani a Mafara da Bakura da Maradun. Amma lissafin da aka yi a lokacin na eka ne da buhu. Manoman da aka tasa ma sai da aka zubar da jini cikin Afrilu 1980 a kan zancen diyyarsu, balle a tuna da kififiya. Yau kuma ga motocin tifa suna kwasar yashin bakin gulbi don gini, wanda shi ne ɗakin haihuwarta.

Mun san abin da wani mai karatu zai ce, kuma ba mu raina maganarsa ba. Zai ce, "Malam, a ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin Fabrairu 2021, a ƙasar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, kai kunkuru ne ya dame ka?" Gaskiya ne ran mutum ɗaya ya fi kunkurun duniya duka, mu da muka zaga makarantun da aka rufe ba sai an tuna mana ba. Ba kuwa za mu ce wani ya shiga daji neman ramin kunkuru ba, wannan ganganci ne. Amma abin da muke nema ba ya ɗaukar kwabo daga kuɗin tsaro, ba ya hana soja aikinsa. Fitina in Allah ya so za ta wuce, makarantar da aka rufe ana buɗe ta, garin da aka tashi ana komawa. Irin dabba in ya ƙare kuwa, ba Gwamnan da zai sa hannu a komo da shi. In muka ce sai an zauna lafiya tukuna, to, mun zama mutanen Rantau Abang, muna kallon tsofaffi a gidajen attajirai muna cewa ga su nan.

Doka ba ita muka rasa ba. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji cikin 1963, Gwamnatin Tarayya ta yi ta nau'o'in da ke cikin haɗari cikin 1985, aka gyara ta cikin 2016. Takarda ba ta tsare ramin ƙwai. Abin da ke tsarewa shi ne maganar Sarkin Ruwa da ta hakimi da ta dagaci. Mutanen Argungu sun nuna mana haka, suna hana su a Matan Fada har ranar biki, ba ɗan sanda ke gadi ba, al'ada ce da kunyar sarauta. In masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun suka kira sarakunan ruwa da shugabannin masu ɗiban yashi, aka tambayi tsofaffin masunta waɗanne tudun yashi ne kififiya ke ƙwai, a wane wata kuma, aka keɓe ko 2 ko 3 a kowace gunduma, aka ce babbar mace in ta kamu da rai a sake ta, to, an yi rabin aikin ba a sayi ko fallen takarda ba.

Ga akawuna kuma. Magabatanku na zamanin En'e sun bar mana littattafan haraji da jangali waɗanda har yau masu tarihi ke buɗewa su san yawan shanun gunduma. Ku ma ku buɗe littafi guda a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta gidajen da ke da babban kunkuru, namiji ne ko mace, daga ina aka samo shi, wace shekara. Rarrabewa ba wuya, cikin namiji a lotse yake, wutsiyarsa ta fi tsawo. Kada a sa tara, kada a ƙwace, in ba haka ba kowa zai ɓoye nasa. Amfanin littafin shi ne a haɗa na gidan wane da na gidan wane su hayayyafa. An yi haka a Sanagal. A ƙauyen Noflaye kusa da Dakar akwai gandun kunkuru inda aka tara waɗanda mutane suka ajiye a gidaje, wani masani ɗan ƙasar mai suna Tomas Diagne na cikin waɗanda suka kafa shi, cikin 2006 kuma aka mai da wasu dajin Ferlo, suka zauna har suka yi 'ya'ya. Sai dai muna gargaɗi, kada wani ya ji wannan ya ɗauki nasa ya yar a bayan gari da sunan 'yantawa. Wanda ya saba da gida zai koma hannun mai tsinta na farko, yana kuma iya kai cuta ga na daji. Mayarwa aikin masana ne, ga kwalejin aikin gona a Bakura, ita ya kamata a fara tuntuɓa ta keɓe fili.

Babban nauyin dai a kanmu yake, mu masu horad da malamai. Mun yaye malamai da za su iya zana maka dabbobin ƙasar ƙanƙara daga littafi, amma ba su san da me kififiya ke numfashi ba. A zangon karatu mai zuwa muna roƙon kowane malamin firamare a gundumomin nan ya ba yaransa aikin gida guda. Kowane yaro ya je wurin mafi tsufa a gidansu ya tambaye shi, ina ya ga kunkuru a daji gani na ƙarshe, wace shekara, zamanin wane sarki ko wace yunwa in ba ya tuna shekara, kuma a wane tafki ko mashaya ake samun kififiya a da wadda babu yanzu. Malami ya tara amsoshin a littafi, ya rubuta sunan ƙauye da kwanan wata, ya miƙa wa hedimasta, shi kuma ya aiko ofishin ilmi tare da rahotonsa na ƙarshen zango. Wanda bai sami komai ba ma ya rubuta haka ya aiko, domin ƙauyen da ba mai tuna kunkuru shi ma muna so mu san sunansa.